Neman kalma: me za mu kira sectionalism da Hausa?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina haɗa darasi da Hausa a kan yaƙin basasar Amurka, sai kalma ɗaya ta zame mini ƙarfen ƙafa: sectionalism. Da ita masana tarihi ke kiran jan dagar da aka yi tsakanin jihohin kudu masu bayi da na arewa kafin yaƙi ya ɓarke a 1861.

Wani abokina ya ce ƙabilanci. Ban yarda ba. Waɗannan Turawa harshensu ɗaya, galibinsu addininsu ɗaya. Rikicin ne ma ya shiga cikin coci ya tsaga shi: 'yan Methodist suka rabu kudu da arewa a 1844, 'yan Baptist a 1845, duk a kan batun mallakar bayi.

Aware kuma ta zo daga baya, ranar 20 ga Disamba 1860 da jihar Carolina ta Kudu ta ɓalle. Ni sunan ciwon nake nema tun kafin ya fashe.

Ɓangaranci ya fi kusa. Sai dai a kunnenmu yau, da an ce ɓangaranci, rigimar cikin jam'iyya ake ji, ɓangaren wane da na wane. Na Amurka kuwa a kan taswira yake. A 1820 aka amince a karɓi Missouri cikin jihohin Amurka da bayinta, a karɓi Maine ba bayi, sannan aka ja layi a yankunan yamma: arewa da shi ba mallakar bayi. A 1854 dokar Kansas da Nebraska ta goge layin, aka fara zubar da jini a Kansas.

Shi ya sa nake son shiyyanci, daga shiyya. Ku gwada shi a nan: a 1856 ɗan majalisa Preston Brooks, mutumin kudu, ya shiga zauren majalisar dattawa ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner, mutumin arewa, duka da sanda har ya suma, saboda jawabin da Sumner ya yi na sukar mallakar bayi. Mutanen kudu suka riƙa aiko wa Brooks da sabbin sanduna kyauta. Shiyyanci ke nan, ko ya kuka gani?

Abu ɗaya ke damuna. Kalmar ita kaɗai tana iya binne bayi kusan miliyan 4 da aka ƙirga a 1860. Da na rubuta "shiyyanci kan bauta", wata ɗaliba ta ɗauka bautar Allah nake nufi. Yanzu na mayar da shi "shiyyanci kan mallakar bayi". Mai wadda ta fi wannan zama a baki, bismillah.