Zan kai Hajiya Fotugal, ina ya kamata mu je a Lisbon?

Maman Iman: Salam 'yan uwa, wanda ya san Fotugal don Allah ya taimaka min. Hajiyarmu ta zo ganin jika nan Jamus, bizar Shengen gare ta, ina so in ɗan zaga da ita Lisbon kafin ta koma, sai dai tana fama da ciwon gwiwa kuma ba ta cin naman da ba ta san yankansa ba. Ina za mu je, ina za mu haƙura?

Baban Sadik: Wa'alaikumus salam. Gwiwar nan ita ce abin dubawa, don garin kan tuddai yake, hawa da gangara kawai, ga ƙananan duwatsun da suka shimfiɗa a hanya in aka yi ruwa santsi kamar an zuba karkashi. Ki kama masauki a Baixa, unguwar da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasar 1755, ita a shimfiɗe take. Sai Belém a bakin kogin Tejo, nan ma ba tudu, ga tsohuwar hasumiyar Belém ga tsohon gidan ibadar Kirista na Jerónimos, ga shagon da suke gasa ɗan kek ɗin ƙwai da madara tun 1837, da zafinsa ake ci a barbaɗa kirfa.

Ummi: Ku hau taragon lantarkin nan na cikin gari mai lamba 28 ya ratsa da ku tsohuwar unguwar Alfama kuna zaune, amma da sassafe daga dandalin Martim Moniz inda yake tashi, in rana ta yi ba kujera. Jaka a gaba fa anti, 'yan sane sun san layin.

Malam Habu: Abinci ba matsala, nan Martim Moniz ɗin akwai titin Benformoso cike da gidajen abincin halal na 'yan Bangladesh. A sauran wurare ku tsaya kan gasasshen kifi, ku riƙa tambaya, har miyar ganyensu suna jefa alade a ciki. Burodi da zaitun da za a ajiye muku ba kyauta ba ne, in kun taɓa za ku gani a lissafi. Juma'a kuma babban masallaci yana kusa da dandalin Praça de Espanha.

Ummi: Kar ku bar garin Sintra! Minti 40 ne a jirgin ƙasa daga tashar Rossio, akwai tsohuwar ganuwar da Musulman Andalus suka gina a kan dutse.

Baban Sadik: Haba Ummi, matakalar wurin ko matashi sai ya yi haki. Gara garin Cascais na bakin teku, jirgin ƙasa daga tashar Cais do Sodré yana bin gaɓar ruwa, Hajiya na zaune tana kallon teku ta taga.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri. Ummi ki yi haƙuri, Sintra sai wani jiƙon, yanzu zan duba masaukin Baixa.