Wayar gyaran haƙora: me kuka gani, me kuka sha?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 13 haƙoranta na sama sun turo gaba, tun tana ƙarama take tsotsar yatsa. Tsokanar 'yan ajinsu ta kai ko dariya ba ta yi sai ta sa hannu ta rufe baki. Likita ya ce a sa mata waya, za ta kai wajen shekara biyu a bakinta. Don Allah waɗanda aka sa wa, ko aka sa wa 'ya'yansu, ku faɗa min gaskiyar lamarin.

'Yar Fagge: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ni ina jami'a aka sa min. Da farko haƙora suna tsami, ko burodi ban iya gutsura ba, sai kunu da fura da faten dankali. Duk sanda aka ƙara ɗaure wayar tsamin yakan dawo, ya lafa bayan 'yan kwanaki. 'Yarki ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kuma ku karɓi kakin da ake liƙawa a kan ƙarfen da ke gogar kumatu. Rake, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi da gasasshiyar masara kam sai haƙuri. Amma abin da ban manta ba, kafin likitar ta taɓa bakina sai da ta tambaye ni ko ina so a rufe wushiryata. Na ce a bar min, irin ta mahaifiyata ce. Ta gyara sauran ta bar ta. Daga ranar na saki jiki da ita.

Baban Sadiq: Ni hadisin Ibn Mas'ud ne ya fara tsayar da ni, wanda aka tsine wa masu tsaga tsakanin haƙora don ado. Malamin da na tambaya ya ce kawar da lahani magani ne, hukuncinsa daban. Ɗana ko tauna ba ya yi daidai, sai na amince.

Likitar Haƙori: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Wayar ba da ƙarfi take aiki ba. Tana danna haƙori a hankali, ƙashin da ke gefen da ake dannawa ya narke, sabo ya tsiro a ɗaya gefen, haƙorin ya matsa kamar milimita 1 a wata. Shi ya sa ake dawowa duk mako 4 zuwa 8, kuma gaggawa ba ta da amfani. Ni nakan zauna da yarinyar ita kanta in ji ko tana so, domin wadda aka tilasta wa ba ta goge baki da kyau, ran da aka cire waya sai a tarar da fararen tabo a haƙora da kumburarren dasashi. Nakan tambayi barcinta, ko da baki take numfashi, da abin da take ci a makaranta.

Ku ma ku riƙa yi mana uzuri. Yini muke a sunkuye kan baki, ciwon wuya da na baya ya zama ruwan dare a cikinmu. Da kaina na rage yawan mutanen da nake gani a rana, ina miƙewa tsakanin mara lafiya da mara lafiya, saboda na lura idan na gaji ba na sauraren yaro yadda ya kamata.

Hajiyar Maraɗi: Mu daga nan muke zuwa Kano. Ku lissafa kuɗin mota da kwanakin makarantar da za ta rasa, ba kuɗin wayar kaɗai ba. Da azumi bakin jikata yakan bushe ƙwarai, sai muka mayar da gogewa sosai bayan buɗa-baki da bayan sahur.

Ɗan Sabon Gari: Ku tambayi likita tun yanzu game da robar da ake sawa bayan an cire waya. Ƙanena ya daina kwana da tasa, haƙoransa na ƙasa suka fara komawa gidan jiya, yanzu ana maganar sake sa masa waya. Ku ji ko kuɗin robar yana cikin abin da za ku biya, da kuma nawa ake yin wata idan ta ɓata.