Yaya kuke talla a waya ba tare da kun takura wa mutane ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a a birnin Kano. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da tallata haja a WhatsApp da Facebook da TikTok, domin abin yana damuna yadda ake wayar gari a tarar an jefa mutum cikin guruf ɗin da bai nema ba, ko kuma an cika masa waya da hotunan leshi tun bai idar da sallar asuba ba.

Mai atamfa a Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Ni dai status na WhatsApp ne ya riƙe mini ciniki, kuma dalilin da ya sa na yarda da shi shi ne mutum da ƙafarsa yake zuwa ya duba, kamar yadda yake ratsowa ta layinmu ya tsaya a bakin shagon da ya ga dama. Duk wanda ya sayi kaya a wurina nakan tambaye shi ko yana so mu yi musayar lamba, tunda sai na ajiye tasa shi ma ya ajiye tawa sannan zai ga abin da na ɗora. Ina ɗora hotuna kaɗan na sabon zubi, da farashi da yawan yadi a rubuce, bayan awa 24 su ɓace da kansu. Ɓoye farashi a ce sai an biyo ka ta akwatin saƙo ba dabara ba ce a ganina, ɓata wa mai saye lokaci ne, musamman masu sari daga Maraɗi da Damagaram waɗanda ke son su yi lissafi kafin su kamo hanya.

Mai turaren wuta da humra a Gwammaja:
Alhaji ya yi gaskiya, amma mu da muke sana'a daga cikin gida guruf ne kasuwarmu, sai dai kowane guruf da abin da aka buɗe shi dominsa. Na taɓa gani a guruf ɗin dangi ana tsaka da ta'aziyya wata baiwar Allah ta saki hotunan kayan kicin, kuma har yau akwai waɗanda ba sa saye a hannunta saboda wannan. A na matan unguwarmu mun roƙi masu kula da shi suka ware ranar Asabar don talla, kowace mace saƙo ɗaya, sauran ranaku a bar wa mutane zumuncinsu. Tun daga lokacin ake karanta tallan, domin an san ranarsa.

Mai gyaran waya a Farm Centre:
Hajiya, ku ƙara da abin da muke gani a kan tebur. Sau da yawa ɗan kasuwa yakan zo hankali a tashe cewa WhatsApp ya rufe masa lamba, idan ka bincika sai ka tarar ya tura saƙo iri ɗaya ga ɗaruruwan mutanen da ba su san shi ba, suka yi ta toshe shi suna kai ƙararsa, ko kuma yana amfani da jabun manhaja irin su GB WhatsApp. Ranar da lambar ta tafi, hirarsa da kwastomomi da bayanan masu bashi duk suna iya tafiya tare. Shi kansa tsarin tura saƙo ga jama'a a lokaci guda bai wuce mutum 256 ba, kuma wanda ya ajiye lambarka ne kawai zai samu, wato kamfanin ma yardar mutum yake nema. Masu sayen jerin lambobi a hannun wasu su sani cewa tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Sannan a tausaya wa mai karɓa: a farkon 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, saboda haka bidiyon da ka tura wa wanda bai nema ba daga aljihunsa ake cira.

Mai ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai:
Ina da ɗan ja a kan maganar status, ranka ya daɗe, domin wanda ya fara sana'a jiya ba shi da lambobin da za su gani. Abin da ya kawo mini baƙin ido shi ne gajeren bidiyo a TikTok da Facebook, inda nake nuna yadda ake yanka fata, da yadda mai saye zai bambanta ta gaske da roba ta hanyar ƙamshi da dubin bayanta. Ba na maƙala sunan kowa a jikin hoto, ba na kuma shiga ƙarƙashin rubutun wani in liƙa tallata. Wanda ya amfana da bayanin shi yake nemana, kuma wanda ya tambayi farashi ya yi shiru nakan tuna masa sau ɗaya in ƙyale shi.

Mai atamfa a Kantin Kwari:
Na karɓi wannan gyara, Malam. Sai dai ina so ka ƙara mana bayani a kan mutanen nesa da suke ganin bidiyon: kuɗi suke fara turowa kafin ka kai kayan tasha, ko akwai wani amintacce da kuke sawa a tsakani?