Horo ya ƙare, amma har yanzu ba a karɓe ni ba

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina zaune a Garwa, kuma bara dattawan ikilisiyarmu suka sa ni ƙarƙashin horo na wata 6 saboda na yi gardama da ma'aji a gaban jama'a kan kuɗin gini. Na amsa laifina, na nemi gafara, wa'adin kuma ya cika tun watan Maris, amma har yau ba a sanar da dawowata ba, ba a ba ni Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Almasihu), ƙungiyar mawaƙa ma ta cire sunana.

Na bi abin da Matiyu 18:15-16 ya koyar: na je wurin fasto ni kaɗai, daga baya na koma da shaidu biyu. Amsa ɗaya ce kullum, wai in ƙara haƙuri. Na gwada wata majami'a, sai dai da Fulatanci da Faransanci ake sujada, ga shi sun nemi takardar sallama, wadda aka hana ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'ya'yana sun fara ƙin zuwa makarantar Lahadi.

Wace hanya zan bi in kai maganar gaban shugabannin ikilisiya na gunduma ba tare da an ɗauke ni mai raba kan ikilisiya ba?