Abin da lauyoyi suka ce kan ɗaukaka ƙara

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna a majalisarmu ta Kofar Soro nan Katsina. Abin da lauyoyin suka fi nanatawa shi ne afil (ɗaukaka ƙara) tun gaban alƙalin farko ake shirya shi, in abokin shari'arka ya miƙa takarda ko shaidar da ba ka yarda da ita ba to lauyanka ya tashi ya ƙalubalanta nan take kuma a tabbatar an rubuta, don kotun sama ba ta sake jin shaidu, kwafin shari'a kawai take dubawa, abin da babu a ciki kamar ba a yi shi ba. Wallahi nan ne mutanenmu suke asarar gonaki da gado.

Sai lokaci. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne a shari'ar da ba ta laifi ba in hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 in na tsakiyar shari'a ne, na laifi kwana 90. In ya wuce sai ka roƙi ƙarin lokaci da hujja.

Kuma kowane dalilin afil ya nuna takamaiman kuskuren alƙali, ba "an zalunce ni" kawai ba. Sabuwar maganar da ba a kawo gaban alƙalin farko ba sai da izinin kotu.