Allura ta soki yarona a juji, in kai shi asibiti ko in jira babansa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Ina Ƙofar Marusa. Jiya da la'asar yarona ɗan shekara 6 ya tsinto sirinji a jujin bayan layinmu yana wasan fesa ruwa, allurar ta soke shi a tafin hannu har jini ya fito. Surukata ta matse wurin ta zuba kananzir, ta ce shi ke nan. Maigida yana Legas, ya ce in bari ya dawo Juma'a. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In kai shi yau? Nawa zan riƙe?

Bakatsine: A yi mashi allurar tetanas kawai. Ƙusa ta taɓa sukata, kyamis ya yi mani, ga ni garau.

Anti Nas: Malam, ba ƙusa ta ce ba, allurar da aka yi wa wani ce. Maman Khalifa, kada ki jira Juma'a. In likita ya ga akwai buƙatar maganin kariya daga ƙanjamau, cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Haɗarin ƙanjamau daga allurar juji kaɗan ne. Abin da ya fi damuna ciwon hanta nau'in B, ƙwayarsa tana kai kwana 7 a busasshen jini. Ki tafi da katin rigakafinsa. In ya samu alluran sati 6, 10 da 14, akwai ta hanta a ciki. Kuma ba a matsewa, ruwa da sabulu ake sa wa.

Hajiyar Rafukka: Wallahi na karanta jikina ya yi sanyi. Yayana haka ya tafi. Muna yara akwai mai allura a unguwa, allura ɗaya gare shi, ya jefa ta a ruwan zafi ya soki na gaba. Shekaru suka wuce babu alama. Sai ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, dangi suka ce sammu ne. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, har gonarmu ta gado aka sayar. Da aka kai shi asibiti likita ya ce hantar ta riga ta lalace. Aka gwada matarsa, ita ma tana da ciwon hantar. Marayu huɗu yanzu suna wurina, masu cewa sammu ko buhun gero babu wanda ya kawo.

Malam Sani Tela: Allah Ya jiƙansa, Hajiya. Amma kin tabbata allurar ce? Askar wanzami ma tana yi.

Hajiyar Rafukka: Ko ma mene ne, Malam, ya dawo mani da shi?

Ummu Hanif: Gwajin hanta 2,000 na biya.

Bakatsine: Ina? 7,500 aka karɓa wurin ƙanena.

Ummu Hanif: Wataƙila gwajin ciwon hanta nau'in B da na nau'in C aka haɗa mashi. Na ƙanjamau kyauta aka yi mani a asibitin gwamnati lokacin awo.

Ɗan Daura: Da tsadar kananzir ɗin nan har aka zuba wa yaro? Lallai kaka tana ji da jikanta.

Malam Sani Tela: Ni abin da ban gane ba, miji ya ce a jira, wata daga waya ta ce a fita. Wa ya ga takardarta ta nas ɗin?

Anti Nas: Ban ce ta fita ba izini ba, Malam. Ta kira shi ta karanta mashi abin da na rubuta. Kuma gwajin yau ba zai nuna sabon kamu ba, sai an maimaita nan gaba. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma ana warkewa da magani.

Ummu Hanif: Ni masu kyamis ɗin nake jin haushi. Akwai kwali na musamman da ake tara allurai a kai a ƙona, amma na layinmu a leda yake ƙullewa ya ba almajiri ya zubar.

Ɗan Daura: Almajirin da 'yan jari-bola fa? Hannu tsirara suke tonon shara.

Maman Khalifa: Na duba ko'ina ban ga katin ba, ina jin ya ɓace da muka tashi daga tsohon gida. Za su karɓe shi haka?

Bakatsine: Mu a Sabuwar Unguwa wata uku ba a kwashe jujinmu ba, har ya ci rabin hanya. Amma ku jira lokacin zaɓe ku ga motoci.