Saiwar zaitun ɗinmu duk ƙulli-ƙulli, me ke cin ta?

Ɗan Magarya:
Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan ina aikin gona a wajen Tarhuna, ƙasar Libiya. Bara maigidana ya sayo dashen zaitun 300, irin Arbekina, muka dasa a fili mai rairayi, muka ja masu tiyon ɗigo. Tsakanin layuka na sa tumatir da kuɓewa don a samu na cefane kafin itatuwan su fara 'ya'ya. Yanzu kusan 40 sun tsaya cik, ganye ya yi rawaya yana zuba, kuma tsibi-tsibi suke, nan biyar can bakwai. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, shiru. Jiya na tone ɗaya, na wanke saiwar a bokiti. Ƙananan saiwoyin duk sun kumbura kamar an jera ƙwayar tasbaha, wasu sun yi baƙi sun ruɓe. Da hannuna na dasa su, wallahi abin ya hana ni barci. Wanda ya sani ya taimaka.

Malamin Gona Samaru:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan aikin tsutsar saiwa ne, wadda masana ke kira nematod, nau'in Meloidogyne. Ido ba ya ganinta. Tun tana ƙarama takan shige saiwa, macen ta zauna tana tsotsa, wurin ya kumbura, ruwa da taki su kasa hawa sama. Shi ya sa takinka bai yi komai ba. Gwada murza ƙullin da yatsa. Na gyaɗa da wake yakan ɓalle cikin sauƙi, kuma mai amfani ne. Wannan kuwa jikin saiwar ne da kanta, ba ya fita.

Ka tumɓuke tumatir ɗaya ka duba, ina kyautata zaton ya fi zaitun ɗin lalacewa. Tumatir, kuɓewa da gauta su ne abincinta, ga rairayi da ɗumi da danshin ɗigo, duk abin da take so ka haɗa mata. Ka kwashe su da saiwarsu ka ƙona. Sannan ka ɗebi ƙasa da saiwa daga zurfin santimita 20 zuwa 30, a gindin itatuwan da suka fara ciwo amma ba su mutu ba, ku kai ɗakin gwaji. Ka ce su duba har da naman gwarin Verticillium, domin raunin da tsutsar ke yi yana buɗe masa ƙofa, shi kuma busar da reshe yake yi gaba ɗaya.

Hajiya Mai Lambu:
Ɗana, sannu. Ni zaitun ban taɓa shukawa ba, amma wannan cuta ta cinye mini tumatir shekara 2 a jere. Da zafin bazara na jiƙa ƙasar sosai, na shimfiɗa farar leda mai shara-shara, na danne gefenta da ƙasa, na bar ta mako 6. Baƙar leda ba ta kai ta zafi ba. Bayan nan na zuba dakakkun 'ya'yan darbejiya da ruɓaɓɓen takin tumaki. Ba ta ƙare duka ba, amma na ci tumatir. Ramukan da za ka sake dasawa ka yi masu haka a watan Yuli.

Abu Sakaka:
Mu nan Jauf, a Saudiyya, dashen da ke cikin leda shi muka fi tsoro. Sau da yawa daga wurin raino tsutsar take zuwa. Duk wanda za mu saya sai mun farke leda 5 ko 6 mun ga saiwa. Maganin da ake turawa ta tiyo yana rage ta, amma wasu dafi ne mai kisa, kada ka taɓa sai injiniyan gona ya rubuta. Kuma ka riƙa wanke fartanya kafin ka tsallaka zuwa layin da ke lafiya.

Ɗan Magarya:
Allah ya saka da alheri. Malam, na tumɓuke tumatir ɗin, saiwarsa kamar citta. Akwai ragowar dashe 12 da ba mu dasa ba, na farke 3, biyu da ƙullin a ciki. Na nuna wa maigida, ya ce ranar Lahadi za mu kai ƙasar ɗakin gwaji a Turabulus. Hajiya, darbejiya babu ita a nan, takin tumaki kaɗai zai wadatar?